Filifar Bappa Bobboyi

Duk wanda ya shiga layin masu gyaran rediyo a Dubeli ya tambayi shagon Bobboyi, ba wanda zai ce masa mai gyaran talabijin. Cewa za a yi, "Au, mai filifa? Wuce gaba, kusa da mai shayi." Wannan suna yana ƙona wa matarsa Inna Hansai rai har gobe. A cewarta, mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana ciyar da gida da liƙin waya, ya aurar da 'ya'ya, ya gina ɗaki huɗu, ƙarshenta gari ya san shi da kayan wasa. Da can ni ma ina bayanta. Ni 'yar wansa ce, sunana Naziha. A hannunsa na tashi tun da aka kawo ni Jimeta karatu daga Mubi, shi ya aurar da ni, saboda haka ina da bakin gaya masa magana, kuma na sha gaya masa.

Ga wanda bai taɓa ganin filifa ba, tebur ne mai dogayen ƙafafu, ya ɗan gangaro ta wajen mai wasa, an rufe samansa da gilashi. A ciki akwai ƙwallon ƙarfe da bai wuce ƙwan zabo ba. Za ka harba shi sama, ya riƙa gangarowa yana karo da abubuwa yana tara maka maki, kai kuma kana da maɓalli a dama da hagu da kake dannawa, wasu 'yan hannuwa biyu su make shi ya koma sama kafin ya faɗa rami. Iyakar wasan ke nan, kada ƙwallo ya faɗa rami. Ta Bappa ma ko ƙwallon gaske babu a cikinta. Talabijin ce aka kwantar rigingine a cikin akwati, kwamfuta tana nuna hoton ƙwallon da duk tarkacen. Yanzu haka tana nan a ƙuryar shagon, an lulluɓe ta da tsohon zanin Inna Hansai saboda ƙura.

A cikin garin Yola aka haife su, Bappa da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Gonarsu a Bako take. Su biyu ne maza a gidan, Baba ne babba, don haka Bappa bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai Hamma. Da suka tasa aka tura su Garwa wurin kawunsu su koyi sana'a, a zamanin da Binuwai ke cika da damina har jirgi ya ɗauki mutum ya sauke shi a Kamaru. Baba ya kama kafinta, Bappa ya kama gyaran rediyo. A can suka haɗu da filifa, a wani shagon sayar da lemo da ke ƙofar sinima, kuma daga bakin mutanen can suka ɗauko sunan.

Labarin Garwa na ji shi a bakin Bappa har na haddace. In ya fara, Inna Hansai tashi take ta ba shi wuri. Wai duk samarin unguwar babu mai karawa da Hamma. Wai ba ya wasa da takalmi, don ya ce ta tafin ƙafa yake jin motsin injin, shi kuwa Bappa aikinsa riƙe takalman da kallo. Abin da ya fi zama masa a rai shi ne ƙarar. In mai wasa ya tara maki ya kai inda injin ke ba da wasa kyauta, sai wani ƙarfe a ciki ya doki katako, tau, sau ɗaya tak, har masu tallan burodi a tsallaken titi su waiwayo su ga wane gwanin ne. Bappa ya ce shi bai taɓa samun wannan ƙarar da hannunsa ba, amma ta Hamma ta ishe shi tafiya gida yana ɗaga kafaɗa.

Ni kam ban san wannan saurayin ba. Uban da na sani mutum ne mai fensir a bayan kunne, wanda in ya ce maka ƙofa za ta fito ranar Talata, to ranar Talata za ka zo ka ɗauka. Ba shi da yawan magana, ba shi da wasa da yara, in ka jingina da aikinsa kafin gam ya bushe za ka ji abin da ba ka so. An ce a wurinsa na gado zafin kai, ban musa ba.

A ƙarshen shekarar 2014 Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga. Muka yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Sai bayan makonni ya iso Jimeta ta duwatsun Kamaru, cikin ayarin mutanen da bai taɓa sani ba, ƙafafunsa a kumbure, babu ko guduma a hannunsa. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai ne dama a gidan. Bappa ya share masa ɗakin da ke kusa da rijiya, ya sa masa katifa da fanka. Baba ya shiga ɗakin, ya fito ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya zauna. In an gaishe shi ya ce jam, wato lafiya. In an ajiye abinci ya ci loma biyu ya rufe. Da aka ƙwato Mubi mutane suka fara komawa, wani ya zo da labarin cewa shagonsa ya ƙone ƙurmus da duk kayan aikin. Baba ya ce, "To." Bai koma ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa abin da ya gani a hanya ba.

Babu dabarar da Bappa bai yi ba. Ya sayo zarto da guduma sababbi ya ajiye a ƙofar ɗakin, Baba ya tsallake su kamar bai gani ba. Ya gayyato tsofaffin abokansu na cikin Yola, suka zo suka sha shayi suka yi hirarsu su kaɗai. Ina ganin Bappa yana ramewa tare da wansa, kuma abin yana cin raina.

Maƙwabciyar shagon Bappa wata 'yar Numan ce, Becky, mai buga takardu da kwamfuta. Ita ma labarin Garwa ya ishe ta, don kullum aka ɗauke wuta sai ya jawo benci ya fara. Ran nan ta leƙo ta ce, "Bappa, abeg zo ka ga abin nan naka. Turawa sun sa shi cikin talabijin." Ta nuna masa wani bidiyo, wani Bature a garejinsa ya haɗa filifa da tsohuwar talabijin da kwamfuta. Becky ta ce tun tana maimaita masa da daɗin rai har ta gaji ta bar masa kujerar ta tafi cin abinci, ta dawo ta same shi yana zane a bayan kwalin batir.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Dama shagon Bappa maƙabartar talabijin ne. Ya zaƙulo wata shafaffiya mai layi a gefe ɗaya, wadda mai ita ya kawo gyara ya manta da ita. Ya samo tsohuwar kwamfuta a gwanjo, Becky ta zuba masa wasan a ciki. Ya farke madannin kwamfutar, ya jawo wayoyi biyu ya haɗa su da maɓallan ƙararrawar ƙofa. Akwatin kuwa da kansa ya buga, a ɓoye, kuma Allah ya sani Bappa ba kafinta ba ne. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙusoshi sun leƙo ta ko'ina, ƙafar baya sai da aka tokare ta da ɓarin bulo. Na ce masa, "Bappa, wannan makara ce ko akurki?" Ya ce in je in duba miyata.

Da ya gama sai ya je ya durƙusa a gefen tabarmar Baba. Ya ce, "Hamma, zan je Jambutu karɓo kaya, ba mai tsare mini shago." Baba ya tashi ya bi shi, don wannan ba roƙo ba ne da ake ƙi. Bappa ya kunna filifa ya bar ta tana walƙiya, ya fita, ya shige shagon Becky ya laɓe. Ranar Baba bai taɓa ta ba. Washegari ma Bappa yana da kaya a Jambutu, haka jibi. Can wata rana Becky ta leƙa ta taga, ta dawo da sauri ta ce, "Bappa, tsohon ya cire takalmi fa."

Da Bappa ya shiga, Baba bai waiwayo ba. Ya bari ƙwallon ya faɗa rami, ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Ba ya da nauyi. Ƙwallon nan kamar auduga." Tun da ya zo Jimeta ba a ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa ba. Bappa ya zo gida ranar ya cinye tuwo malmala biyu, ya nemi ƙari.

Daga nan aka shiga gyara. Baba ya kushe, Bappa ya nemo magani. Da ya ce babu nauyi, aka ɗaura lasifikokin mota a cikin akwatin, a manne da katako, yadda in ƙwallo ya yi karo za ka ji girgizar a tafin hannunka. Da ya ce ba a harba ƙwallo da maɓalli sai ka ce kunna fanka, Bappa ya je wurin tsofaffin masu gyaran babur, waɗanda kayansu ke zube tun da aka hana acaɓa a gari, ya samo sifirin da sandar ƙarfe ya yi abin ja a saki. Da ya ce filifar gaske in ka ɗan ture ta da ƙugu ƙwallon yana jin turin, Bappa ya yi mako yana fama da cikin wata tsohuwar waya har abin ya yiwu. Aka kafa ƙaramar talabijin a tsaye ta wajen kai tana nuna maki. Rabin kwanakin babu wuta, janareta kuwa in ta ga dama ta tashi, amma kullum bayan la'asar Baba yana sa hularsa ya nufi shago ba tare da an kira shi ba.

Ni ma na koma biyawa ta can in na taso daga makarantar da nake koyarwa. In tsaya daga ƙofa in ji su suna gardama da Fulatanci a kan sunan mai shagon lemon nan na Garwa, da ko sinimar tana da rufi ko babu. A nan na fara jin dariyar mahaifina irin ta ciki, wadda take sa shi tari. Na yi farin ciki, na kuma ji kishi kaɗan, don ni ban taɓa iya sa shi dariya haka ba. Cikin kwanakin da na yi a duniya, waɗannan watannin suna cikin waɗanda nake so a dawo mini da su.

Shekarar kuwa 2015 ce, kuma duk wanda ya zauna a Jimeta ya san yadda kunnenmu ya koma. Bom ya tashi a kasuwa, ya tashi a masallaci, ya tashi a tasha. In tayar mota ta fashe, sai ka ga titi ya watse, mata sun bar takalma. Bappa da kansa ya taɓa zubar da kwanon kunu a guje saboda faɗuwar langalanga. Ba wai bai sani ba ne. Amma ita waccan ƙarar ta Garwa, a ransa ba ta cikin jinsin ƙararrakin da ake gudu. Ƙarar cin nasara ce, ta wansa, kuma ita kaɗai ta rage filifar ta cika. Ya samo ƙarfen da ke harba sitatar mota a wurin wani bakanike, ya ɗaure shi a cikin akwatin yana fuskantar katako, bai gaya wa kowa ba don yana so ya zama kyauta. Garin neman gira aka rasa ido.

Ina wurin ranar. Da la'asar ne, Becky tana tsaye a ƙofa, mutum biyu-uku na layin suna kallo. Hannun Baba ya faɗa sosai, maki sai hawa suke, Bappa kuwa sai murmushi yake yana kallon allon maki kamar wanda aka yi wa albishir. Sai abin ya doki katako. A cikin ɗan shagon nan mai rufin kwano, ƙarar ta ninka kanta. Becky ta ƙwalla ihu, mutanen mai shayi suka watse da kofuna a hannu, ni kaina sai tsintar kaina na yi a ƙasa a bakin ƙofa.

Da na ɗago, ban ga Baba a tsaye ba. Yana ƙarƙashin filifar, ya dunƙule, hannuwansa a kan ƙeya, jikinsa yana rawa, yana kiran wani suna da ba mu sani ba yana cewa ya kwanta, ya kwanta. Hularsa ta gangara tsakiyar shago. Waɗanda suka gudu sun fara dawowa suna leƙe. Bappa ya juya wa filifar baya, ya tare ƙofa da jikinsa, ya hau mutane da faɗa wai fis ne ya ƙone, me ake kallo, ba a taɓa ganin fis ya ƙone ba? Ya tura Becky waje, ya tura ni, ya jawo ƙofar ya tsaya a gabanta yana fuskantar titi. Can Baba ya fito da hularsa a kai da takalmansa a ƙafa, ya wuce mu bai kalli kowa ba.

Washegari da safe ya gaya wa Inna Hansai cewa zai je Malkohi, can bayan gari inda 'yan gudun hijira suka zauna. Akwai wani Lado a can, mutumin Gwoza, da suka yi tafiyar duwatsu tare, wai zai taya shi rufin ɗaki. Ya ɗauki akwatinsa da bargo da tabarma. Wanda zai je taya rufi ba ya tafiya da akwati, kowa ya san wannan.

Na je shago a fusace. Na ce, "Bappa, ka tashi ka je ka ba shi haƙuri."

Ya ce, "Haƙurin me, Naziha?"

"Abin da ya faru jiya mana!"

"Me ya faru jiya? Fis ya ƙone."

Na fara ɗaga murya, ya ɗaga mini hannu. Ya koma Fulatanci, yadda yake yi in magana ta kai magana. Ya ce, "In na ce masa ya yi haƙuri, na gaya masa na gani ke nan. Ƙani ba ya ganin wansa a ƙarƙashin tebur. Ke ma ba ki gani ba. Ranar da ɗayanmu ya furta, ya bar ƙofar gidana har abada, don ba zai iya haɗa ido da mu ba." Idanunsa sun yi ja, ga alama bai runtsa ba. A kan teburin aikinsa na ga ƙarfen sitatar, ya riga ya kwance shi.

Na riƙa zuwa Malkohi duk ƙarshen mako da abinci da maganin hawan jini. Ɗaki ne na laka da tamfol, su biyu da Lado a ciki. Baba ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi mijina da yara da Inna Hansai, ya tambayi Bobboyi ma. In na ce yaushe za ka dawo, ya ce rufin bai ƙare ba. Rufin kuwa ga shi a samanmu, a kammale. Sanyi ya wuce, zafin Yola ya shigo, ya fara tari, wuyansa ya zurma. Tsorona ɗaya ne, kuma da shi nake kwana nake tashi: kada ubana ya mutu a ɗakin aro a bayan gari, alhali ga ɗakinsa a gidan ɗan'uwansa an share an rufe.

Ran wata Asabar Bappa ya kira ni ya ce in zo in riƙe masa gilashi. Na tarar ya ɗauko hayar a-kori-kura, an ɗora filifar a baya an ɗaure da igiya. Na ce, "Wannan abin da ya kore shi za ka kai masa?" Ya ce in hau in riƙe gilashi kawai.

Muka sami Baba a inuwa yana jan carbi. Bayan doguwar gaisuwa Bappa ya sosa ƙeya ya ce, "Hamma, akwatin nan ya dame ni. Ya karkace, ƙwallo sai gefe ɗaya yake bi. Na kai wa kafintocin Jimeta, ba wanda ya gane kansa. Na ce bari in kawo ka duba mini, in ba damuwa."

Baba ya ajiye carbinsa. Sannan ya tashi ya zagaya motar. Ya girgiza ƙafa ɗaya, ya shafa gefen katakon, ƙusa ta kama masa hannun riga. Duk watannin da ya yi yana wasa a kan akwatin nan bai taɓa cewa uffan game da shi ba, amma yanzu an tambaye shi.

Ya ce, "Wane jaki ya buga wannan?"

Bappa ya ce, "Wani ne a Dubeli, Hamma."

"Ya cuce ka."

"Ya cuce ni ƙwarai."

Baba ya yi tsaki. Ya ce, "Nan ba daɓe mai kyau, ba wuta. Mai da shi shago. Zan zo in duba, aikin kwana biyu ne." Ya shiga ɗaki ya fito da riga biyu a leda. Akwati da bargo da tabarma ya bar su wurin Lado, ya ce masa yana dawowa.

Zarto da gudumar nan da ya tsallake a da, Bappa ya miƙo su ya ce aro ya karɓo a maƙwabta, Baba ya karɓa. Da ya buɗe cikin akwatin ina tsaye. Ya ga ramukan ƙusa huɗu a inda ƙarfen nan ya zauna. Ya dube su, ya kwaɓa garin katako da gam ya cike su, ya goge da yatsa, ya ci gaba da aikinsa. Bappa yana can yana ta bincike a cikin wata rediyo da ba abin da ya same ta.

Kwana biyu suka zama wata guda, don Baba ya ce katakon duka na banza ne, sai an sayo maɗaci. Akwatin da ya fito kuwa, ko a ɗakin amarya aka sa shi ba za a ji kunya ba. Ranar da ya shafa masa mai ya ce gobe zai koma Malkohi. Da safe sai ga Bappa da wata talabijin da ta fi ta ciki faɗi. Ya ce, "Hamma, an samu matsala. Na cikin ya fara mutuwa, wannan kuma ba ya shiga." Baba ya auna da ido, ya yi tsaki, ya ce sai an farke gefe biyu.

Da aka gama faɗaɗawa, sai kan filifar ya zama bai dace da jikin ba. Da aka gyara kai, Bappa ya ga ana sa fitilu masu launi a gefe, su kuma sai an fafe musu hanya a katako. Aka zo aka yi ƙofar jefa kuɗi, alhali ba a taɓa karɓar ko sisin kowa ba. Aka rage tsawon ƙafafu. Aka ƙara tsawon ƙafafu. Shekarar da ruwa ya shiga Dubeli aka sa tayoyi. Wata rana Bappa ya rantse ya ji motsin gara a ƙafar hagu, aka kwance ta gaba ɗaya, ba a ga ko ɗaya ba.

Ni fa duk wannan ban gane ba, sai faɗa nake. Na sami Inna Hansai a madafa na ce ta yi wa mijinta magana, ya bar wahalar da tsoho a kan abin da ba ya ƙarewa. Ta mintsine ni a cinya har sai da na yi ƙara. Ta ce, "Yi mana shiru. In ya ƙare, uban naki ya zauna a nan da sunan me?" Ashe talabijin mai faɗin nan ma ita ta samo ta a gidan wata ƙawarta. Matar da ba ta ƙi a wayi gari filifar ta zama itacen girki ba.

Daga nan na buɗe ido, na ga Baba ma ya sani. Mutumin da ke fitar da ƙofa a yini ɗaya shi ne yake mako uku a kan ƙafar tebur. Mutanen layin suka fara kawo masa kujeru da tagogi, ya ce shi aiki ne ya kawo shi ba zama ba, amma su ajiye. Ya yi ƙiba, tarin ya tafi, bayan la'asar ya cire takalmi ya yi wasansa wai yana gwada aiki. Duk da haka bai yarda a sa masa labule a ɗaki ba, rigunansa a leda suke a rataye, kuma duk Sallah sai ya je Malkohi ya duba akwatinsa ya ce wa Lado ya kusa dawowa. Duk ranar da na ji ya ce aiki ya kusa ƙarewa, gabana faɗuwa yake har sai na ga da me Bappa zai ɓullo.

Haka aka yi ta yi har bayan shekarar korona. Idon Bappa ya fara rauni, dabaru kuma sun ƙare, don babu inda ya rage a jikin filifar da ba a taɓa ba. Ran nan na biya da rana na tarar Baba yana goge gilashin da tsumma. Sai ga keken haya mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa, Bappa ya fito yana nishi, rungume da wata talabijin da ko makaho ya shafa ya san ba ta da wurin zama a akwatin nan.

Ya fara, "Hamma, an samu..."

Baba ya ce, "Bobboyi, mai da wannan inda ka ɗauko. Filifa ya ƙare."

Bappa ya tsaya da kaya a hannu. Ya ce, "Ƙafan baya kamar yana ɗan motsi."

"Ƙafan baya lafiyansa ƙalau, ni na yi shi. Ba abin da ya rage. Mun tsufa da wannan wahala, ni da kai."

Na jingina da bango. Bappa ya sunkuya ya ajiye talabijin ɗin a hankali, ya kasa ɗagowa. Baba ya ninke tsummansa, ya zuba ruwa a buta ya wanke hannu, ya yarfe.

Ya ce, "Keken nan da ya kawo ka, kar ka sallame shi. Ya je Malkohi ya ce wa Lado ya ba da akwatina da bargo. Tabarman ya riƙe, na bar masa."

Bappa ya ce, "To, Hamma." Ya fita wurin mai keke, ya buɗe baki zai yi masa kwatance, magana ta ƙi fita. Ya nuna hanya da hannu, ya sake buɗe baki, ya juya ya kama ƙarfen keken ya tsaya. Ni na je na yi kwatancen, ni ma da kyar, mai keke yana ta kallonmu yana tambaya ko rasuwa aka yi.

A ɗakin nan na kusa da rijiya Baba ya ƙarasa kwanansa, bara da damina, kansa a kan cinyar ƙaninsa.